Cikina ya tsufa, an ɗaga mini awo har sati huɗu: in zauna jira?

Tambaya: Assalamu alaikum Sista. Cikin fari ne da ni, yanzu sati 35. A garin mijina na fara awo, daga baya aka kawo ni gidanmu a Kano goyon ciki. Asibitin da na koma da ƙyar na samu lamba, don in ba ki yi sammako ba sai a ce ta ƙare. Ranar da na samu shiga aka duba ni a gurguje, aka ce in dawo bayan sati huɗu, sikanin kuma aka ba ni rana can gaba. Lambar wayar da ke jikin kati ko na kira ba a ɗauka. Mama ta ce in kwantar da hankalina tunda ba abin da ke damuna sai ɗan kumburin ƙafa. In jira ranar da aka ba ni ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raba lafiya. A'a, kada ki zauna jira. Sati huɗu a kan 35 ya kai ki sati 39, mata da yawa kafin nan sun riga sun sauka. Tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016, wanda Najeriya ma ta ɗauka, ya ce mai ciki ta ga ma'aikaciyar lafiya aƙalla sau 8, kuma biyar daga ciki a ƙarshen ciki suke: sati 30, 34, 36, 38 da 40. Kin ga tsakanin yau da ranar da aka rubuta miki awo biyu za su wuce ki. An matse su a ƙarshe ne saboda a waɗannan makonnin hawan jinin masu ciki ya fi bayyana, a nan ake gane yaron da girmansa ya tsaya, a nan ake tabbatar da yadda ya kwanta, kuma a nan ƙarancin jini yake zama abin tsoro saboda haihuwa ta matso.

Na san abin da ya sa aka ba ki wannan rana, domin aikin da nake yi kenan. Rumfar awo a manyan asibitocinmu tana cika tun rana ba ta fito ba, yawan masu dubawa kuma bai taka kara ya karya ba. A farkon 2024 hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa ta bayyana cewa ma'aikatan jinya sama da 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku. Ga shi kuma kowa yana tsallake asibitin unguwarsu ya nufi babba, babban ya cushe. Mai ba da rana a irin wannan hali littafi take kallo, inda ta ga gurbi nan take sa ki. Wayar da ba a ɗauka kuwa, sau da yawa tana aljihun wadda hannunta ke cikin safar karɓar haihuwa. Ban faɗi wannan don in wanke kowa ba, mai cikin sati 35 bai kamata a ce mata sai bayan wata guda ba. Na faɗa ne don ki san cunkoso ne ya tsayar da ranar da ke kan katinki. Ba wanda ya duba lafiyarki ya yanke cewa za ki iya jiran sati huɗu.

Abin da nake so ki riƙe fiye da komai shi ne, ƙofa biyu babban asibiti yake da ita ga mai ciki. Akwai ta awo, mai rana da lamba da layi, wadda ake rufewa da rana tsaka. Akwai kuma ɗakin haihuwa, leba, wanda ba a rufe shi dare da rana, Asabar da Lahadi, ranar sallah ma da mai aiki. Mata da yawa sun ɗauka sai mai naƙuda ke shiga leba. Duk mai tsohon ciki da ta ga alamar haɗari nan ne wurinta, ba ta buƙatar lamba, ba ta buƙatar a ɗauki wayarta, ba sai ma a wannan asibitin take awo ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili.

Yadda za ki yi magana a bakin ƙofar yana da tasiri. In kika ce kin zo a duba ki, za a ce ki dawo ranar awo. Ki faɗi abin da ya kawo ki kai tsaye, da lokacin da ya fara: "Cikina sati 36, motsin yaro ya ragu tun daren jiya," ko "Kaina na ciwo tun safe, na sha farasitamol bai sauka ba, ina gani dishi-dishi." Duk ungozomar da ta ji haka ta san ba a mayar da mai wannan magana gida sai an auna ta. Roƙona ɗaya, kada ki ƙirƙiri alamar da babu don ki tsallake layi, domin mintunan da za a ɓata a kanki wata mai zubar jini ce za ta rasa su.

Kumburin ƙafar da kika ambata shi ya fi tsaya mini a rai. Mama tana da gaskiya ta wani ɓangare: ƙafa ta kumbura da yamma, ki kwanta ki ɗaga ta, da safe ki ga ta sauka, wannan yawancin masu tsohon ciki suna yi. Amma ido ba ya bambance shi da kumburin da ke tafe da hawan jini, sai an ɗaura abin awo a hannu an kuma gwada fitsari. Ke kuma cikin fari gare ki, masu cikin fari suna cikin waɗanda wannan ciwo ya fi kamawa, tare da masu tagwaye da wadda mahaifiyarta ko yayarta ta taɓa yi. Daga mabiyiya matsalar take tasowa, ta takura jijiyoyin jini, ta taɓa ƙoda har furotin ya riƙa fita a fitsari, ta rage abincin da ke isa ga yaro. Mace na iya yawo jininta ya hau sosai tana girki tana shara ba ta jin komai, sai ranar da ta yanke jiki ta faɗi tana jijjiga, abin da wasu ke kira taune-taune.

Sauƙin abin shi ne awon hawan jini ba sai a babban asibiti ba. Ƙaramin asibitin unguwarku, ko ma'aikaciyar lafiya maƙwabciya, ko babban kantin magani mai na'ura, duk za su iya. Ki zauna ki huta kamar minti biyar kafin a auna, bayanki a jingine, hannu a ɗore daidai ƙirji. Ki sa a faɗa miki lambobin biyu, kada ki tsaya a kan "lafiya lau" kawai, ki rubuta su da kwanan wata ki haɗa da katinki. Na sama ya kai 140, ko na ƙasa ya kai 90, ko da ɗaya ne daga ciki, a ranar za ki je leba. Na sama ya kai 160 ko na ƙasa 110, daga wurin awon mota za ki shiga, wani ya biyo ki da kaya. Daga yanzu har ki sauka, kada sati ya wuce ba a auna ki ba. Gwajin fitsarin ma ɗan siririn kati ne ake tsomawa, cikin minti ɗaya ya nuna, ƙananan asibitoci da dama suna da shi.

Akwai alamomin da ko awon ba sa jira: fuska ko hannu su kumbura farat ɗaya har zobe ya ƙi fita, ciwon kai mai nauyi da magani bai saukar ba, ganin walƙiya ko hazo-hazo, da ciwo a saman ciki ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Wannan na ƙarshe yana yaudarar mutane ƙwarai, a ce olsa ce a ba ta madara, alhali hanta ciwon ya taɓa. In kuma, Allah ya kiyaye, aka kai ga jijjiga, ki faɗa wa mutanen gida tun yanzu: a kwantar da mai ita ta gefe, kada a tura mata cokali ko ruwa ko rubutu a baki, a ɗauke ta sai asibiti, addu'ar a yi ta a cikin mota. Akwai allurar magniziyam salfet da ke tsayar da jijjigar ta hana ta dawowa.

Sai motsin yaro. A nan ke ce kan gaba da mu, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akwai maganar da ta yaɗu a gidaje cewa in haihuwa ta matso yaro yakan yi shiru, wai wuri ya yi masa kaɗan ko yana tara ƙarfin fitowa. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma ta jawo asarar 'ya'yan da da an cece su. Salon motsin yana canzawa, harbi ya koma miƙa da juyi da tokari, amma yawansa ba ya raguwa, lafiyayyen yaro yana motsi har cikin naƙuda. Barcinsa a ciki yawanci minti 20 zuwa 40 ne, da wuya ya wuce minti 90. Yaron da mabiyiya ta fara gaza ciyar da shi yakan rage motsi don ya tattala ɗan abin da ke isa gare shi, kuma tsakanin wannan da tsayawar zuciya akan sami tazarar da za a iya cetonsa. Tazarar nan ce ake asara in aka ce bari gari ya waye, ko bari ranar awo ta zo.

Ki san lokutan da ya saba motsi, ko bayan cin abinci, ko in kin kwanta bayan isha'i. Ranar da kika ji kamar ya yi sanyi, ki bar aikin da kike yi, ki kwanta a gefen hagu a wuri mara hayaniya, ki sa hankali. In awa biyu suka cika bai yi motsi goma ba, tashi ki tafi ko ƙarfe nawa ne. In ma ya cika goman amma zuciyarki na gaya miki ba haka ya saba ba, ki je. Can za a saurari bugun zuciyarsa, wanda ya kamata ya kasance tsakanin 110 da 160 a minti. Asibitin da ke da na'urar da ake ɗaurawa a ciki ta zana bugun a takarda zai bar ki a kanta kamar minti 20 ko fiye, in da hali a duba yawan ruwan da yake kwance a ciki. In aka ce komai lafiya kika koma gida, jibi ya sake yin shiru, ki sake komawa. Kada kunyar ɗan fari ta hana ki, kada tsoron a ce kin cika zuwa ya hana ki. Ko wata ta ɗaure miki fuska ki jure, a auna ki tukuna. Barci kuma daga yanzu ki riƙa yin sa a gefe, ki daina rigingine, domin nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya.

Jini a wannan matakin, ko kaɗan ne, na leba ne, kuma kada a bar kowa a gida ya sa hannu ya duba, don in mabiyiya ce ta tare bakin mahaifa taɓa ta kan ɓalle jinin da ba a iya tsayarwa a ɗaki. Faya ta fashe, ko babu ciwon naƙuda, ki lura da launin ruwan ki tafi. Kore ko ruwan ƙasa yana nufin yaro ya yi kashi a ciki. Zazzaɓi, haki daga ɗan motsi, ko ciki ya ƙame da ciwo ya ƙi saki, duk hanyarsu ɗaya.

Game da sikanin hankalinki ya ɗan kwanta. Mutane sun ɗauke shi kamar shi ne awon gaba ɗaya, har wata ta bar layin asibiti ta riƙa zuwa shagon hoto duk wata, a ce mata yaro lafiya, ta koma gida jininta a sama ba wanda ya auna. Wanda ake so kowace mai ciki ta yi shi ne na kafin sati 24. Na ƙarshen ciki sai da dalili: tef ɗin da ake auna tsayin ciki da shi bai yi daidai da yawan makonni ba, ko ungozoma ta taɓa ta ji kamar yaro a zaune yake ko a gicciye, ko ana zaton tagwaye, ko hoton baya ya nuna mabiyiya a ƙasa, ko akwai hawan jini, ciwon suga, zubar jini ko raguwar motsi. Ki tambaya me ya sa aka rubuta miki. In akwai ɗaya daga waɗannan, ranar can gaba ba ta da amfani, ki yi a wurin kuɗi mai ƙwararren ma'aikaci cikin satin nan ki kawo sakamakon a karanta miki. Kada kuma ki bar hoton ƙarshen ciki ya canza miki ranar haihuwa, lissafinsa a wannan lokacin yana iya kaucewa har sati uku, na farkon ciki shi ne abin dogaro.

Ba ki ce kin taho da katinki na garin maigida ba. Goyon ciki al'ada ce mai kyau, yarinya ta haihu a gaban uwarta, amma sau da yawa takardun awo ake barowa a baya, sai mu karɓi mace a wata na tara ba mu san komai game da cikinta ba. A wancan katin akwai rukunin jininki, da gwajin ƙanjamau da na ciwon hanta, da awon jininki na farkon ciki wanda da shi za a kwatanta na yanzu, da hoton farko, da adadin allurar tetanas da Fansidar, ƙwayar rigakafin maleriya, da kika samu. In an baro shi, yau ɗin nan maigida ya ɗauki hoton kowane shafi ya turo ta WhatsApp. In rukunin jininki nagetif ne ki sanar da masu karɓar haihuwa tun da wuri, don akwai allurar da ake yi cikin awa 72 bayan haihuwa saboda kare cikin gaba, kuma ba ko'ina ake samunta nan take ba.

Awon sati 36 kuwa, gobe ki je ƙaramin asibitin gwamnati mafi kusa ki tambayi ranar awonsu. Layinsu yawanci bai kai na babba ba, kuma akasarin abin da ake buƙata suna yi: awon jini, fitsari, tef, sauraron zuciya, taɓa kwanciyar yaro, Fansidar na wata da ƙwayoyin ƙarin jini, wasu har da gwajin PCV mai nuna ko akwai ƙarancin jini. In suka ga abin da ya fi ƙarfinsu za su rubuta takardar turawa, mai takarda a hannu kuma ta fi saurin samun shiga. Katin babban asibitin kada ki yar, ki riƙe duka biyun. In kin fi son can ɗin, ki nemi ganin shugabar sashen awo, cikin ladabi ki ce cikin fari ne, sati 35, ƙafa na kumbura, an ba ki sati huɗu, kina roƙon a matso da ranar. Sau da yawa hakan ya isa, domin ita ta san tsarin, katinki ne dai bai bi ta hannunta ba. Duk inda aka duba ki, kafin ki sauko daga gado ki tambaya nawa jininki ya nuna, me aka gani a fitsari, yaya yaro ya kwanta, yaushe za ki dawo. In a sati 36 aka ce a zaune yake, to sai asibitin da ke da likita da ɗakin tiyata.

Akwai tambayoyin da suka fi lambar waya muhimmanci, kuma tun ana lafiya ake yin su: asibitin nan yana karɓar haihuwa da daddare? Yana tiyata? Yana da jini? In ba ya yi, ina yake turawa? A cikin Kano manyan wuraren da ake tura masu matsala sun haɗa da asibitin Murtala da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, ku san wanda ya fi kusa da ku da hanyar da za a bi da tsakar dare. A ajiye lambar mai adaidaita sahu da ta maƙwabci mai mota, a kuma gaya musu tun yanzu. Tunda maigida yana wani gari, ya ba da izini a gaban iyaye cewa duk abin da ya taso a tafi ba sai an same shi a waya ba, a kuma san wanda zai tsaya miki in aka ce sai an yi aiki. Mutum biyu cikin dangi masu lafiya su shirya ba da jini. A watan Nuwamba 2024 ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Ki tambaya ko asibitinku na cikin shirin, amma duk da haka a ajiye wani abu a gefe saboda magani da mota.

Mama kuma kada ki yi jayayya da ita. Abin da ta gani a haihuwarta take faɗa, kuma ita za ta tashi da ke da tsakar dare. Ki tafi da ita awon ta ji da kunnenta. Abu biyu nake roƙonta ta bakinki. Jiƙe-jiƙen da ake ba mai tsohon ciki don zaƙi ko don naƙuda ta zo da sauri a dakata da su, domin wasu suna tsananta matsewar mahaifa har yaro ya galabaita. Allurar naƙuda da ake kiran wani ya zo ya yi a gida, da ƙwayar da ake sayowa a kemis, kada a kusance su, mahaifa na fashewa ta wannan hanya. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna a 2020 kaɗai mata kusan 82,000 suka rasu a Najeriya sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya, kuma zubar jini da hawan jini suna kan gaba a abin da ke ɗauke su. Duka biyun ana iya tare su in an iso da wuri.

In sati 40 ya cika ba ki haihu ba, ba abin tashin hankali ba ne, masu cikin fari da yawa suna ɗan gotawa, amma a duba ki a satin, ki kuma ƙara sa ido kan motsi. Ya kai 41, ki je leba da jakarki ko ba ki da rana, don a wannan lokacin ake ba da shawarar tayar da naƙuda a asibiti. Bayan kin sauka kada ki matsa a sallame ki saboda 'yan barka. Ki yi awa 24 in da hali, a sake auna jininki kafin ki fita da kuma cikin satin farko, domin hawan jinin nan yana iya tasowa bayan haihuwa, ciwon kai a kwanakin jego kuma ba duka ne na rashin barci ba. In aka ce ya hau, a jinkirta kunun kanwa har sai likita ya yarda, saboda kanwa irin gishiri ce, tana ƙara shi.